Korona ce ko yajin aiki? Wahalar auna damuwar ɗaliban jami'a a Katsina

Ranar 23 ga Maris 2020 abubuwa biyu suka faɗo wa ɗalibin jami'ar gwamnati lokaci guda. A ranar ce umarnin rufe jami'o'i saboda korona ya fara aiki, a ranar ce kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta mayar da yajin aikin gargaɗinta na sai-baba-ta-gani. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka tattara komatsansu suka koma gida. Sai 23 ga Disamba aka janye yajin aikin, sai kuma aka ba jami'o'i izinin buɗewa daga 18 ga Janairun 2021. A tsakanin nan, a watan Afrilu aka tabbatar da cutar karo na farko a jihar, a jikin wani likita da ya rasu a Daura, aka sa wa garin dokar kulle, azumi ya kama mutane suna kulle. Iyakokin ƙasa suna rufe tun Agustan 2019, kasuwancin Jibia da Mai'adua ya tsaya cik, abinci ya yi tsada. Ranar 11 ga Disamba 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

To, a ce mai bincike ya raba fom a Janairun 2021, ya ƙirga, ya samu huɗu cikin goma na waɗanda suka cika suna da alamun damuwa, ya rubuta cewa tasirin korona ke nan. Wa ya gaya masa? Mai awo a kasuwa ya san tiya tana faɗin yawan gero, amma ba ta faɗin gonar da aka noma shi. Fom ɗin auna damuwa ma haka yake. Yana ƙirga alamomin da ke akwai a lokacin da aka cika shi. Dalilin alamomin kuwa sai tsarin binciken ya fito da shi, kuma a nan ne yawancin ayyukan da aka yi a lokacin korona suka yi tuntuɓe. Korona ta lafa, amma sanƙarau da kwalara ba baƙi ba ne a Arewa, don haka maganar ba ta tsufa ba.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen ciwon damuwa shi ne PHQ-9. Tambayoyi tara ne, duk a kan mako biyun da suka wuce: rashin sha'awar abin da aka saba jin daɗinsa, ƙuncin zuciya, matsalar barci, kasala, canjin cin abinci, ganin kai ba a bakin komai ba, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko rashin zama wuri ɗaya, sai tunanin gara mutuwa. Kowace tambaya tana da amsa huɗu: ko kaɗan (0), wasu kwanaki (1), fiye da rabin kwanakin (2), kusan kullum (3). Jimillar maki daga 0 zuwa 27, ana yanka ta a 5, 10, 15 da 20, kuma 10 ce iyakar da aka saba cewa daga nan a duba mutum. Abokin tafiyarsa GAD-7 yana auna fargaba, tambayoyi bakwai, maki 0 zuwa 21, ana yankawa a 5, 10 da 15. PHQ-9 yana da wata daraja a wurinmu: Adewuya da abokan aikinsa sun gwada shi a kan ɗalibai 512 na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, suka wallafa a 2006, suka samu maki 10 ya dace da gano ciwon damuwa mai tsanani. Ile-Ife dai ba Katsina ba ce, amma ta fi Amurka kusa.

Sai dai a duba tambayoyin nan da idon ɗan Katsina. Ɗalibi ne a Daura a ƙarshen Afrilun 2020: ana azumi, ana zafin bazara, ba wuta, ya tashi sahur, ya kasa komawa barci. Barci ya ba kansa 3, kasala 3, cin abinci 2, tattara hankali 2. Maki goma ke nan cif, alhali zuciyarsa fes take. Haka wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar a watan Satumba, haka wanda ke kwana karatu saboda jarrabawa. Don haka lokacin tattara bayanai ba abin wasa ba ne. A kauce wa azumi da mako biyun da ke bayansa, a kauce wa makonnin jarrabawa, a kuma sa tambaya ɗaya a kan ko mutum ya yi zazzaɓi cikin mako biyun. Wajen lissafi a ware tambayoyi biyun farko a duba su su kaɗai, domin su ne zuciyar ciwon. Wanda ya tara goma amma ya ba waɗannan biyun sifili, akwai alamar jikinsa ne ke magana. Akwai kuma tambaya ta goma wadda ba ta shiga maki, mai tambayar yadda matsalolin suka hana mutum aikinsa da zama da jama'a. Masu kwafar fom sukan yar da ita, kuma asara ce, don ita ke raba gajiya da ciwo.

Sauran ma'aunan kowanne da ramin da ake faɗawa. DASS-21 yana da rukuni uku (ciwon damuwa, fargaba da matsin rayuwa), tambayoyi bakwai-bakwai, a kan mako ɗaya. Teburin da ke fassara makinsa na tsohon sigarsa ne mai tambayoyi 42, shi ya sa dole a ninka makin kowane rukuni biyu kafin a duba tebur. Wanda ya manta zai ga ɗalibansa lafiya lau. PSS-10, mai auna matsin rayuwa, yana da tambayoyi huɗu cikin goma, ta 4, ta 5, ta 7 da ta 8, waɗanda ake juya makinsu. GHQ-12, mai auna lafiyar zuciya gaba ɗaya, ana ba shi maki ta hanya biyu, 0-0-1-1 ko 0-1-2-3, kuma iyakar wannan ba ta hawa kan waccan. IES-R, mai tambayoyi 22, an gina shi ne don abu guda da ya girgiza mutum, kamar haɗarin mota ko harin 'yan bindiga. A ce wa ɗalibi ya cika shi a kan "korona" gaba ɗaya, alhali ba wanda ya rasu masa, ba a kuma killace shi ba, tilasta wa ma'auni aikin da ba nasa ba ne. Shi kuwa FCV-19S, da aka ƙirƙira a 2020, tsoron cutar kanta yake aunawa. A wurin da mutane da yawa ba su ma yarda akwai cutar ba, za a iya samun tsoron ya yi ƙasa, ƙunci kuwa ya kai wuya, domin abin da ya dami ɗalibi shi ne shagon babansa a rufe da shekararsa da ke tafiya a banza. Ga mai aiki ɗaya, PHQ-9 da GAD-7 da tambayoyi kamar ashirin a kan halin rayuwa sun wadatar. Fom da ya wuce minti ashirin, daga tsakiya ɗalibi zai fara tsaga layi ɗaya har ƙasa don ya huta.

Maganar harshe ita ce aka fi rainawa. Ana cewa ai ɗan jami'a ne, yana jin Turanci. Yana jin Turancin lacca, amma waɗannan fom ɗin cike suke da salon maganar gida na Turawa. Wata tambaya a DASS-21 da launin shuɗi take bayyana ɓacin rai, Bahaushe kuwa baƙin cikinsa baƙi ne. Idan aka zo fassarawa sai wata matsala ta taso: kalmar "damuwa" jakar magori ce. Wanda sauro ya hana barci ya damu, wanda ake bi bashi ya damu, wadda ta yi wata uku ba ta jin daɗin komai ita ma damuwa ce. Dole mai fassara ya rarrabe. Fargaba, zullumi da faɗuwar gaba suna wajen GAD-7. Ƙunci, nauyin zuciya da mutuwar jiki suna wajen PHQ-9. "Yawan tunani" kuwa, wanda shi ne abin da mutane suka fi faɗa da bakinsu, yana tsakiya, ya taɓa nan ya taɓa can.

Akwai kalma guda da ke iya lalata tambaya ta biyu ta PHQ-9 ɗungurungum. Idan aka fassara ta da "yanke ƙauna", ɗalibin da ya tashi a islamiyya zai tuna cewa yanke ƙauna daga rahamar Allah haramun ne, zai zaɓi sifili ko da kuwa yana kwana kuka. A ce masa "jin kamar al'amura ba za su gyaru ba", sai ya amsa gaskiya. Haka taken fom: idan aka rubuta "taɓin hankali" a samansa, an kori rabin aji, domin abin da kunne zai ji shi ne hauka. "Lafiyar zuciya da walwalar ɗalibai" ya fi shiga. Kuma gara ɗalibi ya cika da hannunsa. In wani ne ke karanto masa ido da ido, amsar da aka saba ba mai gaisuwa ita zai bayar: lafiya lau, sai godiya.

Tsarin fassarar sananne ne, gajerce shi ne ke jawo matsala. Mutum biyu su fassara zuwa Hausa kowa shi kaɗai, a haɗa su daidaita. Na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da Hausar zuwa Turanci. Sai a zauna da likitan ƙwaƙwalwa da malamin sashen Hausa a kwatanta. Daga nan a samu ɗalibai 10 zuwa 15, maza da mata, 'yan birni da 'yan ƙauye, a karanta wa kowa tambaya a ce ya faɗi abin da ya fahimta da kalmominsa. Wannan matakin ne ke tona asirin kalmomi irin "yanke ƙauna", kuma shi ne aka fi tsallakewa. Bayansa a gwada fom ɗin a kan mutum 30 zuwa 50, a duba daidaiton tambayoyin da alfa ta Cronbach, lissafin da ke nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, ana son ta kai 0.7. Yana da kyau a bar fili ɗaya a buɗe, ɗalibi ya rubuta abin da yake ji a jikinsa. Tun 1960 likita Raymond Prince ya bayyana wani yanayi a tsakanin ɗaliban Najeriya, na zafin kai da jin kamar abu na yawo a cikinsa da kasa riƙe karatu, wanda ya danganta da gajiyar ƙwaƙwalwa. Ba ko ɗaya cikin fom ɗin da aka ambata da ke tambayar zafin kai.

Sai batun su wa aka tambaya. A lokacin kulle hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa fom a Google Forms a tura zaurukan WhatsApp. Wa zai cika? Mai babbar waya, mai data, mai caji, wanda ke inda sabis yake. Ɗalibar da ta koma ƙauye a Batsari ko Safana, inda harin 'yan bindiga ya haɗu da talauci, ba ta ma ga saƙon ba. A Satumbar 2021 ma an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar. Cikin waɗanda suka ga saƙon kuma, wanda abin ke ci masa rai ya fi saurin dannawa. Kuskure biyu ke nan, ɗaya na ja ƙasa ɗaya na ja sama, kuma ba wanda ya san wanne ya rinjayi. Ba a san mutum nawa saƙon ya isa ba, ba a san wanda ya cika sau biyu ba. Ko an samu amsa dubu uku, yawa bai gyara karkata ba.

Hanyar da ta inganta tana farawa daga ofishin rajista. A karɓi jerin ɗalibai, a kasa su bisa tsangaya, aji da jinsi, a bar kwamfuta ta zaɓo lambobi ba tare da son rai ba. Lissafin adadin da ake buƙata: idan ba a san yawan masu ciwon ba sai a ɗauka rabi ne, a yarda da kuskuren kashi 5 sama ko ƙasa, lissafin ya ba da 384. Idan ajujuwa aka zaɓa aka tambayi kowa a ciki, 'yan aji ɗaya sukan yi kama da juna (malami ɗaya, jarrabawa ɗaya), don haka a ninka da 1.5 zuwa 2, ya zama 576 zuwa 768. A ƙara don waɗanda ba za su amsa ba: in ana sa ran rasa ɗaya cikin goma, a raba 768 da 0.9, a nemi 853. In makaranta a rufe take sai a bi ta waya, a kira kowane lamba aƙalla sau uku a lokuta daban-daban, mace ta kira mace, a fara da tambayar ko tana inda za ta iya magana, domin wayar gida sau da yawa a tsakar gida ake amsa ta. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox tana karɓar amsa ba tare da intanet ba, ta tura daga baya. A ƙarshe a faɗi kashi nawa suka amsa, a kwatanta su da jerin rajista. In mata su ne kashi 40 a rajista amma kashi 20 a amsa, a gyara nauyin lissafi.

Yanzu ga lissafin da ya kamata duk mai karanta irin wannan rahoto ya riƙe. Maki 10 a PHQ-9 yana kama kimanin 88 cikin 100 na masu ciwon da gaske, yana kuma wanke kimanin 85 cikin 100 na marasa shi. A ɗauki ɗalibai 1,000, a ce 100 ne ke da ciwon. Fom zai kama 88 daga cikinsu. Cikin 900 masu lafiya zai yi wa 135 ƙazafi. Jimilla 223. Mai bincike zai sanar da kashi 22, gaskiyar kuwa kashi 10 ce, kuma cikin waɗanda fom ya nuna, shida cikin goma ba su da ciwon. Wannan ba shaci-faɗi ba ne. Levis da abokan aikinta sun tara bincike da dama a 2020, suka samu PHQ-9 yana ba da kashi 24.6 inda ganawa da ƙwararre ta ba da kashi 12.1. Akwai kuma wasan iyaka. Binciken da aka yi wa ɗalibai 7,143 na kwalejin likitanci ta Changzhi a ƙasar Sin a farkon 2020, wanda aka yi ta ambato, ya ce kashi 24.9 suna da fargaba. In aka buɗe shi, kashi 21.3 mai sauƙi ce, 2.7 matsakaiciya, 0.9 mai tsanani. Wanda ya yanka a 5 da wanda ya yanka a 10 za su ba da labari biyu daga ɗalibai ɗaya. Maganin abin mataki biyu ne: duk wanda ya kai 10, da kuma ɗaya cikin biyar ko cikin goma na waɗanda ba su kai ba, su gana da ƙwararre wanda bai ga makinsu ba, ya yi musu tsararriyar ganawa irin MINI. In ba hali, to a rubuta "alamun ciwon damuwa", kada a rubuta "ciwon damuwa".

Duk wannan bai amsa tambayar farko ba tukuna. Don a ce annoba ce ta jawo, ana buƙatar abin kwatantawa. Mafi ƙarfi shi ne ɗalibai ɗaya da aka auna kafin annoba aka sake aunawa a cikinta. Tambayar "yaya kake ji kafin korona?" ba ta maye gurbin wannan, domin mai cikin ƙunci yakan tuna jiya da daɗin da ba ta da shi. Bambancin da hakan ke kawowa babba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a Maris 2022 cewa damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 a shekarar farko ta annobar, adadin da aka samo ta ƙiyasi. Amma wani nazari a mujallar likitanci ta BMJ a 2023, wanda ya tara bincike 137 da suka auna rukunin mutane ɗaya kafin annoba da cikinta, ya samu canjin kaɗan ne a yawancin rukunoni. Kusan duk binciken daga ƙasashe masu hali suka fito, inda karatu ya koma intanet gwamnati kuma ta tallafa wa gidaje, don haka ba za a ɗauko sakamakon a ɗora wa Dutsin-Ma ba. Darasin hanyar dai ya tsaya.

Katsina tana da abin kwatantawa biyu da tarihi ya ba ta kyauta. Jami'ar Al-Qalam mai zaman kanta ce, kulle ya shafe ta, yajin aikin ASUU bai shafe ta ba. Sannan a 2022 an yi wani yajin aikin daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas a gida ba tare da dokar kulle ba. Sai dai a yi hattara da na farkon: ɗaliban makarantar kuɗi da na gwamnati sun bambanta tun asali, don haka canjin da kowane ɓangare ya samu ake kwatantawa, ba makinsu tsirara ba.

Hanya ta uku ita ce a auna yadda annobar ta taɓa kowane ɗalibi, domin ba ta taɓa kowa daidai ba. An yi masa rasuwa? An killace shi ko wani nasa? Sana'ar mai ɗaukar nauyinsa ta tsaya, wata nawa? Shi kansa ɗinkin da yake yi ko sayar da data ya tsaya? Kwana nawa a mako gidan bai ci sau uku ba? A gefe guda kuma a tambayi abin da ba na annoba ba: an kai hari garinsu cikin shekarar, an sace wani nasa, sun yi gudun hijira? Shekarunsa nawa, tunda wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma wata goma a gida na iya tsallakar da mutum wannan layin? Idan maki yana hawa tare da yawan abin da annoba ta taɓa, bayan an cire tasirin hari da talaucin da ke nan tun da, to an fara samun hujja. Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu sam: ɗalibar da aka aurar a lokacin hutun ba ta dawo ba, da wanda kuɗin rajista ya gagara ya shiga kasuwa. Mai raba fom a aji bayan an dawo waɗanda suka tsira kawai yake aunawa. A nemi sunayen da suka ɓace daga rajistar sabon zango, a bi ko hamsin daga cikinsu ta waya.

Tambaya ta tara ta PHQ-9, ta tunanin gara mutuwa, tana da hukuncinta daban. Duk wanda ya ba ta fiye da sifili, ko da jimillar makinsa uku ne, dole ƙwararre ya tuntuɓe shi cikin kwana ɗaya. Wannan yana nufin fom ba zai zama marar suna gaba ɗaya ba: lamba a kan fom, sunan da ke bayan lambar a wata takarda a kulle, a hannun mutum ɗaya ko biyu. A faɗa wa ɗalibi haka tun a takardar amincewa. A kuma tuna cewa yunƙurin kashe kai ya daɗe cikin laifuffuka a kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada, ga kuma nauyinsa a addini, saboda haka amsar da za a samu ƙasa take da gaskiya, wanda ya amsa kuwa ya yi ƙarfin hali. Kafin a raba fom ko ɗaya a shirya inda za a tura mutum: asibitin jami'a, ofishin ba da shawara, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, in abin ya yi nauyi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Wasu sukan goge tambayar don su huta da wannan nauyi. In an goge ta an koma PHQ-8, a rubuta hakan a fili. Malami kada ya raba wa ajin da yake ba maki, don ɗalibi ba zai iya ce masa a'a ba. 'Yan shekarar farko da ba su kai shekara 18 ba suna buƙatar izinin iyaye ko sassaucin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma bayanan lafiya suna cikin masu tsananin kariya a dokar kare bayanai ta 2023.

Abin da ya fi komai arha shi ne wanda ba a yi ba kafin 2020, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon ɗalibi dama yana zuwa asibitin jami'a gwajin lafiya lokacin rajista. Tambayoyi 16 na PHQ-9 da GAD-7 ba su wuce minti biyar ba. Sai dai makon rajista mako ne na layi da neman ɗaki da kewar gida, don haka ya fi kyau a karɓi amincewa a ranar, a yi awon a mako na biyar ko na shida na zango. A zaɓi ɗalibai 800 zuwa 900 daga kowane sabon rukuni, a sake auna su a wannan makon kowace shekara har su fita, da fassara ɗaya, da iyaka ɗaya, a rubuta a gefen kowane awo ko ya faɗo cikin azumi, yajin aiki ko wani hari a yankin.